Ƙwaryar da Ba Su Huda Ba

Shekara huɗu ke nan da aka binne Yaya Hajara a wata maƙabarta da ke bayan garin Kuala Lumpur, ba tare da ko ɗayanmu ya taɓa likkafaninta ba. Duk shekara sai in ɗauki alƙalami da niyyar rubuta wani abu a kanta, sai in ajiye, domin abin da ke bakina ba irin wanda ake faɗa a zaman makoki ba ne. Bana dai na gaji da haɗiye shi. Zan faɗi alherinta, zan kuma faɗi abin da aka yi mata bayan ta kwanta dama, tunda mamaci ba shi da baki sai na waɗanda ya bari.

Ga wanda bai san ta ba, Yaya Hajara malamar zane ce a wata kwalejin horar da malamai a gida. Ta haura hamsin, mijinta ya rasu, sai ta samu tallafin karatu ta zo Malesiya yin digirin dakta a kan tarihin zanen ƙwarya. Ni kuwa ƙanwar bayanta ce nesa ba kusa ba, zaman maƙwabtaka ne ya haɗa mu a wani dogon bene a Danau Kota, ƙofarta na kallon tawa. Kowa ya san abin da ɗalibi ke cika akwati da shi idan zai taho: kuka, daddawa, kilishi, yaji. Ita sai ga ta da ƙore, manya da ƙanana, kowace an naɗe ta a tsohon zani kamar jaririya. Tun ranar muka sa mata Dakta Ƙwarya. Nakan ce mata, "Yaya, mutane sun zo ƙasar da ake ƙera kwamfuta, ke kin zo karatun duma." Sai ta yi dariya ta ce ai kafin a yi kwamfutar da ƙwarya aka ba wa mai ƙera ta ruwa.

Ba ta ɗauki abin da wasa ba. Idan ta kifa ƙwarya a cinyarta ta fara bin zanen da yatsa, sai ka manta kana da aikin yi. Za ta nuna maka wanda aka sassaƙa da wuƙa, da wanda aka ƙona da zazzafan ƙarfe, da wanda aka shafe da farar ƙasa don zanen ya fito. Ta ce zane tafiya yake yi kamar fatake, abin da ka gani a bayan ƙwarya za ka same shi a bangon soro, ka same shi a wuyan riga, har ta je gidajen tarihi na nan tana gwada shi da sassaƙar katakon Malayawa. Wasu ƙoren na kakarta ne, wasu na mahaifiyarta, Inna, kaɗan kuma ita ta zana da hannunta. A cikinsu akwai wata matsakaiciya da ta taɓa fashewa, gyartai ya ɗinke ta daga baki har gindi. Ita ce mafi muni a ido, ita ce kuma ba ta yarda kowa ya ɗauka.

A ƙauyensu, in ji ta, ƙwarya da tatsuniya 'yan lokaci ɗaya ne. Idan an gama kaka, an yi kalankuwa, ɗari ya sauko, lokacin ne duma ya bushe, lokacin ne kuma hannun mata ya huta daga gona. Sai a hura wuta a tsakar gida bayan sallar isha'i, ana jin ɗumi, ana ɓarar gyaɗa, ƙarfen zane yana cikin garwashi, tsohuwa tana zane tana ba da labarin abin da take zanawa. To Kuala Lumpur ba ta san ɗari ba. Disamba a nan ruwa ne da gumi, sai manyan kantuna da ke baza auduga suna cewa ƙanƙara ce. Yaya Hajara ta ce tunda su sun iya ƙirƙirar nasu sanyin, ita ma za ta ƙirƙiri nata. Hutun ƙarshen shekara na zuwa sai ta tara 'ya'yan Hausawan unguwar a falonta, ta murɗa esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, har ƙarshensa, ta sa kowa ya zo da rigar sanyi, ta gasa dankali da gyaɗa, ta kashe fitilu ta bar ƙarama ɗaya a cikin tukunyar ƙasa a madadin wuta. Hirar ɗari muke kiran abin. Mun sha yi mata tsiya a kan kuɗin lantarki, amma ko uwa ɗaya ba ta taɓa hana ɗanta zuwa ba.

Yaran nan da ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci ko Malayanci, a falon nan suka koyi amsa tatsuniya, don ba ta fara labari sai kowa ya amsa da bakinsa. Na kuma lura da wani abu da a lokacin na ɗauka rashin dabara ne. Ko wane labari ta ɗauko, na kura ne ko na dodon rijiya, yarinyar da ke tsira a ƙarshe kamanninta ɗaya ne: 'yar fari ce, mai wushirya, da tabo a girar hagu. Wata rana 'yata ta ce mata, "Gwaggo, why always the same girl? Canja mana, lah." Ta ce ai wannan yarinyar kaɗai ta sani, ta tura mata gyaɗa a baki.

Hotunan samarin 'ya'yanta biyu suna manne a jikin firij ɗinta, sunayensu kuma ba sa barin bakinta. Sai da muka shekara tare kafin na san tana da 'ya mace, kuma ita ce ta fari. Bilkisu sunanta, amma ba daga bakin uwarta na ji ba. Yaya Hajara mutuniyar da ce a wannan fannin, kunyar ɗan fari ta riƙe ta da hannu biyu, ga shi kuma yarinyar ta ci sunan Inna, abin ya zama biyu. Tun yaye aka kai ta wajen kakarta, can ta girma. Ba ta kiran sunanta, ba ta kafa hotonta, idan zancenta ya kama sai ta ce "yarinyar nan" tana kallon gefe. Na taɓa ce mata wannan kunyar ta wuce yayi. Ta ce, "Ku kuna da baki, mu hannu aka ba mu." Daga nan ta gaya mini cewa duk ƙoren nan na jeren ɗakin yarinyar ne, ranar da za a kai ta. Mai ɗinkin kuwa tana da cikinta ta zana ta, a ɗarin shekarar da aka haife ta.

Yanzu sai in kawo Nazifi. Yaro ne ɗan gari ɗaya da ita, ya zo karatu, tallafinsa ya tsaya, ya koma harkar aika wa ɗalibai kaya gida ta jirgin ruwa. Ranar da mai gida ya watso masa kaya waje, a falon Yaya Hajara ya kwana har ya samu wuri. Tuwonta ya ci, maganinta ya sha, ita ta tsaya masa lokacin da takardunsa suka rikice. Mama yake ce mata, ita kuma ta ce ɗana. A hirar ɗari shi ke raba dankali. Da wani ya ce mini in lissafa amintattun mutanenmu a garin nan, da sunansa zan fara.

Sai annoba ta zo, aka kulle gari. Ni a lokacin na koma Sri Petaling, tsakanina da ita tafiyar da ba ta kai a kira tafiya ba, amma shingen 'yan sanda ya mayar da ita kamar Makka. Disambar shekarar farko ta ce kulle ba zai hana ɗari zuwa ba. Aka yi hirar ta waya, kowane yaro a falon gidansu da rigar sanyi, iyaye na ƙorafin esi. Kafin a fara ta kira ni a gefe ta ce in tura wa yarinyar nan hanyar shiga, ko za ta so ji. Bilkisu ta shigo daga gida, layin ba shi da ƙarfi, fuskarta ba ta fito ba sai muryarta. Ta yi sallama, ta ce, "Mama, ina wuni." Yaya Hajara ta sunkuyar da kai ta ce "lafiya", kamar mai amsa wa baƙuwa, ta juya ga yara ta fara labari. Ba a kai rabi ba na ga Bilkisu ta fita. Ni na san abin da ke cikin wannan sunkuyon, amma ita tana can nesa, abin da ta ji kawai ta ji.

A tsakiyar shekara ta biyu, lokacin da asibitoci suka cika har baranda, cutar ta kama ta. Kafin numfashi ya gagare ta, ta haɗa mu a waya ni da Nazifi. Shi yana da takardar izinin zirga-zirga saboda aikin kaya, ni ba ni da ita. Ta ce, "Ɗana, makulli yana wajen mai gadi. Ka kwashe ƙoren nan ka kai wa yarinyar nan kafin bikinta. Amana na ba ka." Ya fashe da kuka, ya ce ko a kansa zai ɗauka sai sun isa. Ba a yi mako ba ta cika. Ma'aikatan asibiti ne suka yi mata sutura cikin fararen rigunan nan da ba a ganin fuska, mu kuma muka kalla ta waya, kowa a ɗakinsa yana kuka shi kaɗai.

Bayan 'yan watanni Nazifi ya kira ni murya a karye. Ya ce jami'an tashar jirgin ruwa sun tare kayan, sun ce ƙwarya tsiro ce, a lokacin annoba ba za ta fita ba, sun ƙone su a gabansa. Ya rantse, ya ƙara rantsewa. Lokaci ne da ake ƙone har kayan mamaci, don haka maganar ta shiga kunne. Kuma a wajenmu wa zai ce wa ɗan gida ya kawo shaida? Wanda ya ci tuwon uwa ɗaya da kai, tambayarsa takarda zagi ne. Ni na ɗauki nauyin sanar da Bilkisu, saura kaɗan bikinta. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce mahaifiyarta ta bar mata kaya amma ƙaddara ta faɗa musu. Ta ce, "Anti, kada ki wahalar da kanki don ki faranta mini. Ba ta taɓa ba ni komai da hannunta ba, dama ban sa rai ba." Ta ɗauka ƙirƙira na yi don in rufa wa uwarta asiri. Aka kai ta ɗakin miji da wannan a ranta.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan an buɗe gari, a wata Disamba, wata abokiyar aikina ta ja ni wani sabon shagon shan kofi a Bukit Jalil, irin wanda matasa ke zuwa don ɗaukar hoto. An baza auduga a tagogi, ana ta kiɗan bikin ƙarshen shekara. Na zauna, na ɗaga kai don in ga inda hasken ke fitowa. Ƙoren Yaya Hajara ne a rataye a rufi, a kife, an huda gindin kowace an zura waya da ƙwan lantarki, an kuma bi zanen da ƙananan huji don haske ya riƙa tsiyaya. Ta kakarta ce a kan teburinmu. Hausawa na cewa ƙwarya tagari tana ragaya, ban taɓa zaton irin wannan ratayar zan gani ba. Na tashi na nemi mai shagon.

Mai shagon wata Basiniya ce mai fara'a, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ta ce wani ɗan Najeriya ne ya sayar mata, yaro mai ladabi, ya ce na mahaifiyarsa ne da ta rasu, ba shi da inda zai ajiye su. Wannan kalmar ta mahaifiya ta fi hujin ciwo. Da na ba ta labari sai idonta ya kawo ruwa. Ta shiga ciki ta fito da mai ɗinkin. Ta ce ma'aikacin da ya yi musu fitilun ya ƙi huda ta don kada ta tarwatse, sai suka riƙa zuba ƙullin sukari a ciki. Ta miƙo mini da hannu biyu, ta ƙi karɓar komai. Sauran kuwa ko an sauke su sun riga sun tashi aiki, ƙwaryar da aka huda ba ta riƙe ko tsaba.

Na samu Nazifi a wani shagon mamak, irin gidan abincin Indiyawan nan, inda mutanenmu ke shan shayi. Na ajiye ƙwaryar a gabansa. Na zaci zai ruɗe, ko ya yi kuka irin na ranar wasiyya. Sai ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce, "Anti, ki fahimce ni. Lockdown ya kashe business gaba ɗaya, ga rent. Kuma it's just calabash fa. Wace amarya ce take jera ƙwarya yanzu? Wallahi da na kai ma store za a jefa su." Na ce to me ya hana ka faɗi haka, ka bar ni na je na gaya wa marainiya ƙarya da bakina? Ya ce bai so raina ya ɓaci ba ne. Har ya tambaye ni ko a yi mini tapau, wato a ƙulle mini abinci in tafi da shi.

Na kai maganar gaban manyanmu na nan, waɗanda 'ya'yansu suka ci gyaɗar Yaya Hajara. A nan aka ci amanarta karo na biyu. Aka ce a bar kaza cikin gashinta, muna ƙasar mutane, kada a ja mana zagi. Aka ce yaro ne, annoba ta taɓa kowa. Wani dattijo ma cewa ya yi, da zinare ne da sai a zauna, amma a tara mutane a kan duma? Yau Nazifi yana da ofis, har shi ake ba wa buɗe taro da addu'a. Hirar ɗari kuwa, da aka yi alkawari a ranar rasuwarta cewa ba za a bari ta mutu ba, ko sau ɗaya ba a sake yi ba. Yaran sun girma, Hausar da suka tsinta a falon nan ta zube, sai 'yata da wani lokaci nake ji tana yi wa ƙaninta labarin yarinya mai wushirya, rabi da Turanci.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Na san za ta tsaya a ƙarƙashin fitilun nan ta daɗe tana kallo, don mace ce mai son ganin yadda zane ke tafiya, wataƙila ma ta ce wanda ya yi hujin yana da hannu. Za ta yi dariyar masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ƙwaryar furar kakarta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san za ta yafe wa Nazifi, ta ce yunwa ce, ta tambaya ko ya ci abinci. Amma ban yarda za ta yafe abin da aka sa 'yarta ta ɗauka a kanta ba. Shekara kusan talatin tana tara magana ɗaya a cikin ƙore, maganar da bakinta ba zai iya faɗa ba, ta ba wanda ta kira ɗa ya isar, ya sayar da ita.

Bara na je gida, na nemi gidan Bilkisu. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Ta fito da goyo a baya, ta yi murmushin tarbar baƙo, sai ga wushirya. Na dubi girarta ta hagu, ga tabon nan. Na zauna a bakin ƙofa na yi kukan da ban samu yi a maƙabarta ba, ita tana tsaye tana mamakin wace irin baƙuwa ce wannan. Da na natsu na kwance zani na ba ta ƙwaryar, na gaya mata lokacin da aka zana ta. Na gaya mata cewa akwai yara a wata ƙasa mai nisa da suka san fuskarta tun ba su gan ta ba, domin a duk tatsuniyar da uwarta ta yi, ita ce yarinyar da dodo bai ci ba.

Ta daɗe tana bin ɗinkin da yatsa, daidai yadda uwarta ke yi, alhali ba ta taɓa ganin ta yi ba. Sannan ta ce, "Anti, tun da ta rasu nake yi mata addu'a don wajibi ne, ba don zuciyata ta so ba. Wa zai biya ni waɗannan shekarun?"

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Hajara, ba shi da yawa a ido. Digirin bai kammalu ba, kabarin yana ƙasar da 'ya'yanta ba su taɓa takawa ba, ƙoren kakanninta suna haska wa baƙi kofi. Saura ƙwarya ɗaya mai ɗinki, wadda muninta ya cece ta, tana rataye a ɗakin Bilkisu. Jaririyar da na gani a bayanta ita ce 'yarta ta fari, sunanta Hajara. Na ji da kunnena Bilkisu tana kiranta da sunan, gatsau, a gaban kowa, ba sakayawa ba sunkuyar da kai. Da surukarta ta yi mata faɗan rashin kunya, sai ta ce a gidansu an riga an biya kuɗin kunya, ita ba za ta ba wa kowa saƙo ya kai wa 'yarta ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Hajara, Ya sa annobar ta zama shahada a gare ta. Masu ce mini in yafe wa Nazifi kuwa, ba ni ya ci wa amana ba balle in yafe. Mai haƙƙin tana kwance a bayan gari, ya san hanya.